Lensin 50mm da na saya a Ikeja: fuska ta fito, lalle ya ƙi

Wata huɗu kenan ina aiki da Canon EF 50mm f/1.8 STM a kan kyamarata Canon 700D, kuma tun ranar farko da na ɗauki ƙanwata a ƙofar gidanmu a Agege na san kuɗina bai tafi a banza ba. Bayanta akwai kwata da janareton maƙwabta da shanyar kaya, amma da na buɗe ƙofar haske zuwa 1.8 duk suka narke suka zama dishi-dishi, ita kaɗai ta fito tas. Lensin 18-55 ɗin da ya zo da kyamara bai taɓa yi min haka ba, domin idan ka ja shi zuwa 55 ƙofar haskensa a 5.6 take tsayawa, ba ta buɗewa sosai kamar 1.8, da magariba kuwa sai dai ka haƙura.

To amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Lokacin da na je saye na faɗa wa mai shagon ƙarara cewa aiki biyu nake so, hoton fuska da hoton kusa-kusa da ake kira makro, irin na zobe da lalle da ɗinkin hula. Ya ce min "oga ɗauka kawai, wannan komai yana yi har makro". Na yarda na biya ban ko gwada a kan ƙaramin abu ba.

Sai ga bikin wata 'yar unguwarmu a Idi-Araba, ranar kamu. An gama yi wa amarya lalle mai kyan gaske, gwaggonta ta kira ni ta ce "Malam mai hoto, zanen nan nake so ya fito ɗaya bayan ɗaya, da zoben, dangin ango na Kano za a tura wa." Na ce an gama Hajiya. Na matsa kusa da hannun, fokos ya ƙi kamawa, lensi sai gaba yake yana baya, na ja da baya ya kama amma zoben ya koma ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto, na sake matsawa ya sake ƙi, ga mata cike da ɗaki ana jira, ga zafi wuta ta ɗauke, amarya ta gaji da miƙa hannu. Wallahi raina ya ɓaci ranar, domin amana aka ba ni. Sai da na koma gida na duba jikin lensin na ga an rubuta 0.35m, wato idan abu ya fi santimita 35 kusa ba zai kama ba, kuma girman da yake bayarwa 0.21 ne kawai na ainihin abin. Makro na gaske irin 100mm f/2.8 ɗaya bisa ɗaya yake bayarwa, wato ainihin girman abin. Lensin bai yi min ƙarya ba, a jikinsa aka rubuta, mai shago ne ya yi.

Wani abokin sana'a a Obalende ya ce tunda kuɗin makro ya fi ƙarfina in nemi zoben nan da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, babu gilashi a ciki, nisa kawai yake ƙarawa sai ka iya matsawa kusa. Na farko da na saya mai arha ne marar suna, ashe babu 'yan ƙarafan da ke kai wuta, ƙofar haske ta maƙale a buɗe, bakin zoben hannu ya fito sauran duk hazo. Asara ta biyu. Da na samu mai ƙarafan, na 12mm, na rufe zuwa f/8 kusa da taga, sai ga zanen lalle har da layin fata. Sai dai yana cin haske kuma muddin yana jiki ba ka ɗaukar abu mai nisa, cire-saka cire-saka a tsakiyar biki akwai gajiya.

Wani abu kuma, a ƙaramar kyamara irin tawa 50mm kamar 80mm yake zama, ɗakunan Legas kuwa kun san su, bayanka na jikin bango mutum uku ba su shiga ba. Kuma a 1.8 idan mutum ya ɗan karkace ido ɗaya ne ke fitowa, yanzu 2.8 nake zama. Masu sayen tokumbo ku haska fitilar waya ta ciki ku duba funfuna, danshin garin nan ba ya barin gilashi, ni a roba mai murfi nake ajiye nawa da 'yan ƙullin shanye danshi na kwalin takalmi.

Don fuska zan sake sayensa gobe ma. Amma hoton lallen nan bai samu yadda Hajiya ta so ba, har yau idan na gaishe ta a hanya sai na tuna, kuma shagon nan ban ƙara taka shi ba.