Yaya ga inda aka kwana kan jami'ar 'yarki

Yaya barka da war haka, ya gida ya zafin Kano. Kin ce in ba ki labarin makarantar 'yarki, to wallahi wata uku kenan muna zagaye daga Houston kamar masu neman gidan haya.

Gudun nan nata da Baba yake cewa rawar kai ce, ashe a nan shi zai rage mana kuɗin makaranta. A nan Amurka suna da wata doka tun 1972, Title IX suke ce mata, duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ba ta isa ta fifita maza ta bar mata ba, har a wasanni. Shi ya sa in kika shiga sashen 'yan mata sai ki riƙe baki, ɗakin motsa jiki nasu daban, ga mai duba musu rauni a zaune, har da wani baho cike da ƙanƙara da suke shiga bayan tirenin, takalmin gudu kuma kyauta ake raba musu, ni kuwa sai na tuna inta-haus ɗinmu da muke zabga gudu ba takalmi a kan burji a ƙarshe a zuba mana gulukos a tafin hannu mu lashe.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'insu, rukuni uku ce, 'yan rukuni na uku ko sisi ba sa bayarwa don wasa, sauran ma masu gudu yawanci rabi ko kwata ake yafe musu, cikon na aljihunki ne. Ita hankalinta na kan jami'ar UTEP ta garin El Paso saboda can Tobi Amusan ta yi, 'yar Najeriyar nan da ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, sai dai tafiyar sama da awa goma ce a mota kuma wai duk ba a fita daga Texas ba.

Ni abin da nake fara tambayar kowane koci, za ta yi gudu da hijabi da dogon wando? Ya za a yi da azumi in ya faɗo lokacin gasa, akwai abincin halal a dainin? Wata ta amsa tun ban rufe baki ba, ta ce tana da ɗaliba Musulma yanzu haka. Wani kuwa sai kame-kame, nan take na soke sunan makarantarsa.

In an samu mai tahowa ki aiko da kuka da yaji, kilishi kar ki wahalar da kanki, ƙwacewa suke a filin jirgi.