Wasan Sallah a Kano: kafin ka sayi tikitin nan ga abin da na gani da idona

Tun satin da ya wuce fastocin wasan babbar Sallah suka cika gari, daga Zoo Road har Dangi duk bangon da ka kalla hoton mawaƙa ne sun sha baƙin gilashi, a WhatsApp kuwa ba a magana kowa ya ɗora a sitatus. To da yake mutane sun ga na je na ƙaramar Sallah sai tambaya ta yi min yawa, wai ya wasan yake, ya cancanci kuɗin ko a'a, shi ne nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Kamfanin da ya shirya wancan shi ne dai ya sake shirya ɗaya daga cikin waɗanda ake tallatawa yanzu. Ba zan kama sunansu ba dan ba faɗa na zo yi ba, wanda ya je ya san su.

Maganar tikiti gaskiya ba ni da ƙorafi. Kashi uku suka yi, na gama-gari 3,000, na manya wato VIP 10,000, sai tebur na mutum shida da ban ma tsaya jin kuɗinsa ba dan ba layina ba ne. Tiransifa za ka yi ka tura musu rasit, cikin minti kaɗan su turo maka lamba, a ƙofa ka nuna a ɗaura maka wani ɗan zare a hannu shikenan. Ba layin banza ba turereniya, wanda bai saya da wuri ba ma akwai mai POS a bakin ƙofa. Ni da abokina muka ce Sallah ce bari mu ɗan ji daɗi muka yanki na 10,000, kuma wannan shi ne kuskuren farko.

An rubuta ƙarfe 4 na yamma. Mu da shegen ɗoki muna idar da la'asar muka kama hanya, huɗu da kwata muna wajen, muka tarar ana kan ɗaura sifiku wani yaro yana ta "wan tu wan tu" a makirufo. Amma tsaro kam sun yi ƙoƙari dole in faɗa, an caje kowa tas, mata mata ne ke caje su, kuma an ware ɓangaren iyali daban da na samari. Abokina har ɗan abin yanke farcensa sai da suka karɓe suka ce ya karɓa in zai fita, kuma abin mamaki ya same shi. Yadda ƙwacen waya ya addabi mutane a garin nan, ka shiga taro ka fito da wayarka a aljihu ba ƙaramin abu ba ne, har aka tashi ban ji an yi ihun ɓarawo ko sau ɗaya ba.

VIP ɗin kuwa kujerar roba ce irin ta gidan biki aka lulluɓe da farin ƙyalle, sai ruwan gora ɗaya da ya ɗumame. Kuma a gindin sifika aka jera mu, kwana biyu kunnena na dama yana ƙara. Masu 3,000 da ke tsakiya sun fi mu jin sauti nesa ba kusa ba, mun dai fi su ganin takalman mawaƙa.

Wajen ƙarfe biyar, wurin bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, sai mai gabatarwa yace kafin manyan baƙi su iso ga 'yan gargajiya za su ɗan ɗebe mana kewa. Ka ji fa, ɗebe kewa. Wasu dattawa ne su shida, biyu da kalangu, ɗaya da ƙaramar ganga, biyu 'yan amshi, sai mai waƙar wani farin tsoho siriri da hula zanna ta ɗan kwanta. Wallahi abin da na biya kuɗi na gani kenan ban sani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya san abin da nake nufi, yana matse shi a hammata tsarkiyar na ɗamewa sautin na hawa, ya saki ya sauka, shi ya sa yake iya bin hawa da saukar maganar Hausa har ka ji kamar da baki yake faɗa. Asali ma kiɗan mahauta ne, kuma da shi marigayi Mamman Shata ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999. Tsohon nan yana cikin waƙa sai ya hango wani mai sayar da zoɓo ya ratsa gaban dandamali da bokiti a ka, nan take ya sako shi cikin baiti ya haɗa da rowar ƙanƙara, 'yan amshi suka ɗauka kamar sun kwana suna bita, mai kalangun ya maimaita maganar da kiɗa, mu 'yan tsirarun da ke wajen muka kwashe da dariya har mai zoɓon sai da ya ajiye bokitin ya ɗaga hannu. Abin da aka ƙirƙira a gabanka kenan, ba a yi shi jiya ba kuma gobe ba za a maimaita shi haka ba.

Minti ashirin kacal aka ba su. Da suka sauko na bi su bayan rumfa na durƙusa na gaida tsohon nace Baba sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya, amma me ya sa aka sa ku tun mutane ba su zo ba? Ya yi murmushi yace yaro ai mu share fage aka kira mu, in wuri ya cika na masu na'ura ne. Na ɗan saka masa abin da ya sawwaƙa a hannu ya sa min albarka, mai kalangun kuma ya tambayi sunana ya buga min shi a take, ni da ba kowa ba sai ga ni ana min kirari a bayan janareta.

An tsaya sallar magariba, an shimfiɗa tabarmi an kawo butoci, wannan ma na yaba, sai dai ruwan alwala ya ƙare kafin rabin mutane su samu, wasu da fiya wata suka yi.

Sai bayan isha'i aka fara abin da aka tara mu dominsa. Nan fa wuri ya cika maƙil, fitilu masu kala suna juyawa, hayaƙin nan na siteji yana tashi, kowa ya ɗaga waya. Mawaƙi na farko ya fito ihu kamar rufin zai tsage, ni kuma sai na fara dube-dube ina makaɗan? Babu. Ba mai ganga ba mai jita ba mai fiyano, dije ne kawai a gefe da laftof, kowane mawaƙi yaronsa zai zo ya miƙa filas a danna. Kuma ba wai kiɗan ne kawai a filas ɗin ba shi ya rera da bakinsa, a'a, waƙar ce sukutum yadda take a wayarka har da muryarsa, shi nasa tafiya daga wannan gefe zuwa wancan da ɗaga hannu da cewa "ban ji ku ba". Akwai wanda ya sauke makirufo ya sunkuya yana gaisawa da wani alhaji a tebur, muryarsa kuwa tana can tana zuba baiti ba ko sarƙewa. Wani kuma waƙarsa da muryar mace a ciki, ana ta jin zazzaƙar murya tana amsa masa alhali duk dandamalin ba mace ko ɗaya. Abokina ya matso kunnena yace mutumina wannan ai da mun zauna a shago mun kunna sifikar Bluetooth da 20,000 ɗinmu tana nan.

Ba wai ina zagin mawaƙan ba ne fa, wasunsu ina da waƙoƙinsu fal a wayata kuma na san dalilin abin. Yawancin waƙoƙinmu na zamani a sitidiyo ake haɗa su, mutum ɗaya ne zai zauna gaban fiyano da kwamfuta ya buga ganga ya buga sarewa ya buga komai, a ɗauki murya a gyara ta da na'ura har ta yi sumul, in da amshin mace a kira mai amshi ta yi nata daban ta tafi. Kenan tun asali babu wata ƙungiyar makaɗa da ta san waƙar balle a ɗauko ta. In za a yi da gaske sai an nemo makaɗa an biya su an yi kwanaki ana bita, a ƙaro makirufo da mai iya daidaita sauti, ga kuɗin man janareta da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Mai shirya wasa yana lissafi sai ya ga filas ta fi sauƙi. Na gane. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta "laif" da manyan baƙaƙe a fasta. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi kawai, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba ɗan amshi yake riƙe taro, to ashe ba yawan kaya ba ne matsalar.

Kuma an gwada an gani a daren. Wajen tara saura janareta ya yi tari wuta ta ɗauke na kamar minti uku, wanda ke kan dandamali a lokacin ya tsaya cak kamar an dasa shi, yana ta waigen dije. Da wuta ta dawo laftof ɗin ta ƙi tashi da wuri, sai wani matashi cikin ƙananan mawaƙan da sunansa ma can ƙasan fasta yake ya karɓi makirufo yace a bar na'urar, ya fara rerawa haka nan ziryan yana tafi da hannu. Muryar ba ta kai ta sitidiyo santsi ba, har ya ɗan shaƙe a wani wuri, amma wallahi wurin gaba ɗaya ya ɗauki amshi, mutane suka sauke waya suna tafi. Ana gyara laftof aka karɓe makirufon aka koma gidan jiya.

Wani abin da ya cinye lokaci shi ne kirarin masu tebur. Kowane mawaƙi sai ya yanke waƙa ya hau jero sunayen alhazai da 'yan siyasa, ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran rajista. Na san roƙo da yabo tsohuwar al'ada ce ba yau aka fara ba, amma na da cikin waƙar yake saka ka da gwaninta, wannan kuwa tsayar da kiɗa ake a karanto daga takarda. Liƙi dai sun hana, kwali suka ajiye a gaban dandamali mai gabatarwa yana ta tunatarwa a saka a ciki kar a watsa kar a taka, saboda dokar Babban Banki ta 2007 da ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar 50,000, wadda tun 2024 aka ga EFCC ta fara kama mutane a kai da gaske. Wasu dai ba su ji ba sai da suka manna a goshi.

Babban tauraron da aka fi sa hotonsa bai hau ba sai goma da kusan rabi, waƙa uku ya yi ya sauka. Nan kuma wata wahalar ta taso, dan kun san tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, a 2022 kuma aka sa dokar hana adaidaita sahu yawo daga 10 na dare zuwa 6 na safe, to duk wanda ba shi da abin hawa sai ya tsinci kansa a bakin titi. Na ga mata da yara suna tsaye suna ta kiran waya a zo a ɗauke su. Wanda ya shirya taro a garin nan ya san wannan sarai, da an fara a kan lokaci da tara an watse. Abinci kuwa kar ma ka fara, tsire tsinke uku a kuɗin da za ka ci ka ƙoshi a waje, ka ci abinka daga gida.

Jiya na kira lambar da ke kan sabuwar fastar, wata ta ɗauka da ladabinta, nace 'yar uwa dan Allah tambaya gare ni, wannan karon da makaɗa za a yi ko filas ce? Ta yi ɗan shiru tace Malam ai duk mawaƙan da kansu za su zo. Nace na sani, makaɗa nake tambaya. Tace za ta tambayi oga ta kira ni, har yanzu ina jira. Ta dai tabbatar min 'yan gargajiyan nan suna cikin jerin, kuma wannan karon a buɗaɗɗen fili za a yi ba cikin ɗaki ba, na tambaye ta in hadari ya taso fa tunda damina ta kusa, tace akwai rumfa a ɓangaren VIP.

In maki zan ba su, tikiti da tsaro 8 cikin 10, sauti 5, kiyaye lokaci 2, abin da suka kira laif kuwa in ka cire dattawan nan da yaron da ya ceci dare ba abin da zan ba su. In burinka ka ga mawaƙin da kake so ido da ido ka ɗauki bidiyo ka ɗora, je ka za ka samu, amma yanki na 3,000 ka zauna tsakiya, kuma ka tanadi wanda zai mayar da kai gida tun kafin ka fito. Ni dai na riga na yanki na 3,000 ɗin, ƙarfe biyar zan shiga in ga Baba da masu kalangunsa, ana kiran magariba in kama hanyar gida, abokina kuma yace ko kyauta ne ba zai ƙara ba sai dai in turo masa bidiyon mai zoɓo in an sake yi.