Sabon daɓen siminti a ɗakin aladu: me za ka saya kafin su shiga?

Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da hannu ya san yadda yake cin fata. Haka yake yi wa gwiwar ɗan alade da kan nonon uwarsa. Masu kiwo a kudancin Kaduna da Filato da Numan suna komawa daɓen siminti don sauƙin wanki, amma da yawa suna zuba dabbobi daɓen bai huce ba. Ba shi kwana 28, ana yayyafa masa ruwa, sannan a wanke shi sosai sau da yawa.

Zaɓi na farko, wato yadda za a shafe fuskar daɓen, a hannun birkila yake. Shafen ƙarfe yana fitar da santsi, uwa mai ciki ta zame ta tsage. Shafen tsintsiya da yashi mai kaifi kuwa yana goge kofato har ya tsattsage, ƙwayar cuta ta shiga, gaɓoɓi su kumbura. Ni shafen katako nake zaɓa, da ɗan gangare na santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, don fitsari ya wuce.

Sai shimfiɗa. Buntun shinkafa ya fi araha inda ake casa, yana saurin bushewa. Garin katako ya fi shan ruwa, sai dai idan ya jiƙe aka bar shi, ya zama gidan cuta, kuma kar ka karɓi na katakon da aka yi wa maganin gara. Tabarmar roba tana da tsada. Ban ga dalilin shimfiɗa ta ko'ina ba. Saya ɗaya mai kauri ta wurin shan nono kawai, domin a nan 'ya'yan ke durƙusawa suna turmutsutsu har gwiwa ta ɗaye.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin jini. Ɗan alade yana bukatar sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, kusan miligiram 7 a rana, nonon uwa ba ya ba shi fiye da 1, ragowar a ƙasa yake tono. A kan siminti babu ƙasa. Wasu suna zuba jar ƙasa a kusurwa, kyauta ce, amma ba ka san nawa kowanne ya ci ba, kuma tana iya kawo tsutsar ciki. Allurar ayon miligiram 200 cikin kwana uku da haihuwa ta fi tabbas. Duba kwalbar kafin ka biya: wata miligiram 100 ce a kowace mililita, wata 200.