Shagon kayan kiwon kifi da ya ƙi sayar mini da magani a Gombe

Shekara huɗu ke nan ina kiwon tarwada kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kuma abincin kifina daga wani shago a cikin garin Gombe nake sayensa, inda wani likitan dabbobi yake zama duk ranar Asabar domin ba masu kiwo shawara. Kwanakin baya na je masa da niyyar gwada kiwon kirefish na ruwan daɗi, mai manyan hannaye irin na ƙaguwa, wanda ake nomawa sosai a Sin da Amurka. Ba shi ne wanda ake auna mana a kasuwa ba, domin namu ƙananan jatan lande ne da ake busarwa a bakin teku, kamar garin Oron na jihar Akwa Ibom.

Buƙatata ita ce ya haɗa mini magungunan da zan ajiye kafin iri ya iso. Sai ya ture kwalin da yaron shago ya riga ya ɗauko, ya ce: "Alhaji, abin da zai kashe maka su ba ya jin wannan." Daga nan ya juya bayan rasit yana zane yana bayani a kan cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. An fara ganinta a jatan lande a Taiwan a 1992, kuma a 2007 aka tabbatar da ita a gonakin kirefish na jihar Luwiziyana ta Amurka. A jatan lande takan iya share kwami cikin kwana uku zuwa goma, ba ta da magani, kuma magungunan kashe bakteriya da muke zubawa tarwada ba sa taɓa ta ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne gargaɗin da ya yi cewa kada sunan cutar ya ruɗe ni, domin sau da yawa kirefish ba ya nuna ɗigon a ɓawonsa. Sai dai ya daina cin abinci, ya yi laushi, ya taru a gefen ruwa, idan ya kife kuma ya kasa juyowa. Masu lafiya suna cin gawar waɗanda suka mutu, ta haka cutar ke bazuwa, sannan raga ɗaya da aka tsoma a kwamaye biyu ta isa ta kai ta. Ya ƙara da cewa ba ta kama mutum.

Shagon yana da nasa aibin. Ba su da na'urar gwaji, alhali ba a tabbatar da wannan cuta sai a ɗakin bincike, saboda haka dole a aika samfuri nesa a jira. Na kuma lura cewa a ranakun da likitan ba ya nan, yaron shago yana miƙa wa kowa maganin da ya ambata ba tare da tambayar abin da ke damun kifin ba. Layin Asabar ma yana da tsawo, na shafe kusan awa biyu a kan benci.

Duk da haka ina ba masu kiwo shawarar su je, amma su zaɓi Asabar. Ni dai na fito da raga sabuwa ga kowane kwami da galan ɗin kilorin na wanke kayan aiki, batun kirefish kuwa na jingine shi har sai na sami mai sayar da irin da aka yi wa gwaji.