Hotunan titin B500 da kuɗin taya

Yaya barka da warhaka, ya su Hajiya da yara. Hotunan nan da na turo maka ran Lahadi kake ta tambaya ko a ina ne, to wani titi ne a kudancin Jamus ana ce masa B500, ya taso daga Baden-Baden ya hau duwatsun Baƙin Daji har Freudenstadt, wajen kilomita 60, duk hunturu sai na je shi ko da sau ɗaya ne.

Bayan asuba na fita, wallahi kafin in kai sama motocin share dusar ƙanƙara sun riga sun wuce sun watsa gishiri, kwalta baƙa wuluk, gefe da gefe kuwa fari fat har bishiyoyin sun sunkuya don nauyi. A tafkin Mummelsee na tsaya, sama da mita 1,000 ne wurin, ruwan ya daskare, hazo ya kwanta can ƙasa cikin kwari kamar an shimfiɗa auduga mu kuma muna cikin rana. Wanda ka ce kamar kalanda ɗin nan a nan na ɗauka. Batirin kyamara dai bai yi minti 40 ba ya mutu, sanyi ke shanye shi, sai da na tura shi aljihun ciki ya ji ɗumin jiki sannan ya farfaɗo. Yatsuna kam ba a magana.

Amma fa kafin ka hau titin nan sai aljihunka ya ji a jikinsa. Doka ce in akwai ƙanƙara sai da tayar hunturu, mai alamar dutse da ƙanƙara a jikinta, in aka kama ka babu tarar yuro 60 ce. Tayoyi huɗu sun ci min sama da yuro 400, wannan ban damu ba don kayan na da kyau gaskiya, ba irin Beljiyam ɗin da muke ɗaukowa a Ƙofar Ruwa ana addu'a ba. Abin da ya ƙona min rai ɗaurawar. Na kira gareji suka ce sai na karɓi Termin, wato a ba ka rana, sati biyu cif, aikin da mai facin bakin layinmu zai gama kafin ka shanye shayi kuma har ya yi maka ragi. Nan babu ciniki babu don Allah, kuɗin hannu daban, ajiye maka tsofaffin tayoyin ma kuɗi ne. Kuma duk tsawon titin nan ban ga mai faci ko ɗaya ba, in ta sace maka sai waya da jira cikin sanyi.

A shagon bakin tafki na sha kofi da burodi mai zafi, kek ɗinsu da ake ta yabo na bar musu don da giya ake haɗa shi. In ka samu mai tahowa a aiko min da yaji, nawa ya kusa ƙarewa.