Giyar Tsohuwar Mota Ta Fara Sulɓewa: A Gyara, A Sayi Na Hannu, Ko A Sake Haɗa Shi?

Duk wanda ya taɓa jawo tsohuwar mota gida da niyyar raya ta ya san wannan rana. An wanke kafireto, an sa sabon batir, inji ya tashi yana ruri gwanin daɗi. Ka taka birki, ka jawo sanda zuwa D, ka jira. Shiru. Sai ka ƙirga biyar ko shida sannan ka ji "ƙum", ta ɗauka. Ko kuma ta ɗauka lafiya lau, amma kana hawa titi sai inji ya yi ta kuka gudu bai ƙaru ba, kamar mai tafiya a kan santsi. Nan da nan masu shawara za su yi maka caa, kuma bakinsu ɗaya: "Giyabos ya tafi, nemi wani ka ɗora."

Mai yiwuwa ya tafi ɗin. Amma ina roƙonka, kada ka sayi komai sai ka ga abin da ke cikin kwanon man giya da idonka. Yawancin asarar da na gani a wannan harka, har da tawa, daga gaggawar saye ta fito.

Fara da mai

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. Inji yana juya konbata, wato tulun ƙarfe mai cike da mai da ke tsakanin inji da giyabos, konbata tana juya famfo, famfo yana matsa mai, man kuma shi ke danne faya-fayan kuloci, waɗanda makanikai ke kira fayba, su kama giyar da ake so. Shi ne dai ke sanyaya su. In mai ya yi ƙasa, famfo zai zuƙi iska, matsi ya faɗi, mota ta yi duk abin da mataccen giyabos ke yi alhali lafiyarsa ƙalau. Motar da ta yi shekaru a ajiye kuwa, da wuya a ce ba ta ɗigar da mai ba, domin robobin sil suna bushewa su tsattsage.

A yawancin motoci ana auna man ne a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki kuma ya yi zafi, bayan an bi da sanda ta kowace giya an dawo P. Akwai masu nasu tsarin: a Honda sai an kashe inji, a tsofaffin TorqueFlite na Chrysler kuma a N ake aunawa. Duba littafin motarka. Sannan ka ɗiga man a farar takarda ka shinshina. Ja garau, babu damuwa. Ruwan ƙasa-ƙasa mara wari, ya tsufa ne kawai. Baƙi mai ƙauri kamar an babbaka roba, fayba ta ƙone. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ruwan hoda mai kauri kamar an dama da madara: bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga. Ruwa yana sakin gam ɗin da ke riƙe da fayba, don haka ko motar na tafiya yau, kwananta ƙididdigaggu ne.

Daga nan a kwance kwanon ƙasa. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu. In ka shafa yatsa ka ji laushin toka-toka kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, kowane giyabos yana yinsa. Baƙaƙen ɓarɓashi masu kama da dusa sun kwanta a gindin kwano, fayba ce ta zube. Ƙyalli mai launin tagulla yana nuna bushin da washa sun cinye. In kuwa ka tsinci gutsuren ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, haƙoran giya ko boris sun karye, kuma babu man da zai warkar da wannan. Aikin awa ɗaya ne, amma shi ke gaya maka wace kasuwa za ka shiga.

Abubuwan da ke waje

In kwano ya fito da tsabta, laifin yana iya kasancewa a wajen giyabos gaba ɗaya. Tsofaffi irin TH350 da TH400 na General Motors, C4 da C6 na Ford, da 722.3 na Mercedes, suna da wata 'yar gwangwani a gefe da ke jin nauyin inji ta hanyar tiyon iska. Tiyon ya tsage, sai giya ta riƙa jinkirin canzawa ko ta buga da ƙarfi. A na Amurkan nan, in fatar cikin gwangwanin ta huje, inji zai zuƙi man giya ya ƙona, ka ga farin hayaƙi a salansa, mai kuma yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. A 700R4 na General Motors, wanda ya fito a 1982, da AOD na Ford na 1980, akwai waya ko sanda daga totur da ke daidaita matsin mai. In ta saki, matsi zai yi kaɗan, fayba ta ƙone cikin ɗan gajeren tafiya. Mutane da yawa sun ɗora sabon giyabos sun ƙone shi saboda wannan waya kaɗai.

Motocin da kwamfuta ke sarrafa giyarsu sun fi sauƙin tambaya. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket na OBD-II, inda ake jona na'urar karanta lambobin matsala, sauran ƙasashe suka biyo baya. P0700 yana cewa ne kawai kwamfutar giya na da ƙorafi, sai an shiga cikinta a karanta. P0715 da P0720 na sensar gudu ne, P0750 da 'yan uwansa na solinoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya, P0740 na kullin konbata. P0730 ne mai nauyi, don yana nufin giyar da aka umarta ba ita ake samu ba, wato wani abu na sulɓewa. Motar da ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa, sau da yawa kwamfuta ce ta kulle ta da gangan don kare ta. A 722.6 na Mercedes, wanda ya fara a 1996, farantin lantarki da ke kan balbodi (akwatin bawul-bawul da ke rarraba mai a cikin giyabos) da soket mai ƙafa 13 da ke yoyon mai su ne sanannun masu laifi, kuma duk biyun ana canza su giyabos na jikin mota.

Makaniken da ya san aikinsa zai ɗaura gejin matsi ya karanta a kowace giya kafin ya ce a sauke. In ya ce a sauke tun bai ko zaro sandar awo ba, ɗauki motarka ka yi gaba.

Kafin mu shiga zaɓi, tsaya ka leƙa ƙarƙashin motar. In tsatsa ta cinye shasi da wuraren da ƙafafu ke ɗaure, kada ka zuba dukiya a giyabos tukuna. Ana samun giya, ana samun inji, amma rubabben ƙarfe shi ke kashe yawancin irin wannan aiki.

Ƙaramin gyara

Sabon mai, sabuwar filta, gasket, solinoyid, sensa, ko wanke balbodi. In kwano ya nuna tsabta, nan za ka fara. Sai dai ka sayi man da aka rubuta wa giyarka: Dexron, Mercon, Type F na tsofaffin Ford, ATF+4 na Chrysler, T-IV ko WS na Toyota, ba ɗaya ba ne, kowanne da yadda yake sa fayba ta kama. Kwance kwano yana fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man ne kawai, saura na cikin konbata, don haka canji biyu ko uku a jere ya fi min kwanciyar hankali a kan tura mai da inji cikin tsohon giyabos.

Za ka ji ana cewa sabon mai yana kashe tsohuwar giya. Abin da ke faruwa shi ne fayba ta riga ta cinye, ɓarɓashinta da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan taimaka mata ta kama. Ka zubar, sai gaskiya ta fito. Su kuma kwalaben "maganin sulɓewa" suna kumbura sil ne su ƙara kaurin mai. Suna iya kai ka gida. Ba sa mayar da faybar da ta zube.

Na hannu

Shi ne mafi sauƙin kuɗi a ranar saye, kuma shi ne cinikin biri a sama. Ba ka ga motar da ya fito ba, ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san shekarun da ya yi a ajiye ruwa na shiga ta bakinsa ba. Shekarunsa kuma daidai da na wanda ka cire, da raunin gado iri ɗaya. 4L60E na General Motors, misali, an san shi da ƙonewar kulocin giya ta 3 da ta 4, da karyewar wani ƙoƙon ƙarfe da ke ɗauke ribas da giya ta 2 da ta 4 lokaci guda. Na hannun da za ka saya ma yana ɗauke da su.

Ni nan na ƙone. Na ɗora na hannu a wata tsohuwar mota da nake ƙauna, wanda ya ɗora min bai wanke bututun sanyaya mai ba, ni kuma ban san in tambaya ba. Dattin mataccen giyabos yana nan maƙale a bututun, ya bi sabon mai ya koma cikin balbodi. Ba a yi wata biyu ba ta koma sulɓewa. An gudu ba a tsira ba, na biya kuɗin aiki sau biyu, motar ta ƙara shekara a ajiye. Har yau abin yana min ciwo, domin giyabos ɗin nan mai lafiya ne aka kashe.

Duk da haka na hannu yana da ranarsa: in giyar irin mai ƙarko ce kamar A340E na Toyota, in daga motar da ta yi haɗari tana cikin tafiya aka ciro shi, in mai sayarwa ya yarda ka buɗe kwano a gabansa, kuma ya rubuta maka garanti. Ka gwada lambar da ke jikin farantinsa da ta naka harafi da harafi. Giyabos biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, amma soket ko lissafin giya ya bambanta.

A sake haɗa naka

Ga motar da kake nufin riƙewa shekaru, wannan na fi so. Ana warware shi ɗaiɗai, a wanke, a auna, a sa sababbin fayba da faya-fayan ƙarfe da sil da bushin, a canza duk ƙarfen da ya ci. Ka san ya dace da motarka don nata ne, kuma in motar ta tarihi ce, giyabos na asali mai lambarsa yana ƙara mata daraja. Tsofaffi masu giya uku irin TH350 da C4 da TorqueFlite 727 ba su da wuyar sha'ani, kayansu kuma har yanzu ana ƙera su.

Amma ingancin aikin yana hannun mai yinsa ne kacokan. "Na yi obahol" a bakin wani yana nufin ya canza faybar da ta ƙone kawai ya rufe. Tambaye shi: zai canza konbata? Dole ne, domin a walde take, ba a iya wanke cikinta sosai sai an yanka ta. Zai warware balbodi? Zai gwada kowane kuloci da iska kafin ya rufe? Zai nuna maka tsofaffin kayan da ya cire? Kalli teburin aikinsa ma. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul, don haka wanda ke haɗa giya a ƙasa cikin ƙura ba naka ba ne, komai daɗin bakinsa.

Wanda masana'anta ta sabunta

Wannan shi ne mafi tsada a cikinsu duka. An haɗa shi a layin masana'anta, an gyara raunin da aka san irinsa da shi, an gwada shi a kan inji kafin a tura, garantinsa kuma ya fi tsawo. Yawanci sai ka mayar musu da tsohon naka. Ga giyoyin zamani masu kwamfuta, inda ƙwararren hannu ke wuyar samu, shi ne zaɓin hankali. Karanta sharuɗɗan garantin: da yawa suna neman shaidar an wanke ko an canza bututun sanyaya mai.

Akwai kuma masu canza irin giyar baki ɗaya. Giyar ƙarshe ta TH350 ɗaya-da-ɗaya ce, ta 700R4 kuwa 0.70, wato injin da ke juyi 3000 a babban titi zai sauko wajen 2100. Ƙara ta ragu, shan mai ya ragu. Sai dai sau da yawa za a taɓa tsawon farfela da mazaunin giyabos, a ja wayar kullin konbata, a saita wayar totur daidai. Mayar da ita manuwal ya fi haka aiki. In wannan ce motarka ta farko da kake rayawa, bar shi sai gaba.

Ranar ɗorawa

Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a wurin ranar da za a ɗora. A wanke bututun sanyaya mai har sai abin da ke fitowa ya yi fes, in kuma ruwa ne ya kashe na farko, a canza lagireto. A duba faifan da ke haɗa inji da konbata ko ya tsage, a sa sabon sil na bayan inji tunda hanya a buɗe take. A zuba mai cikin konbata, a zura ta ana juyawa a hankali har ta faɗa mataki-mataki ta zauna can cikin famfo. In ba ta zauna ba aka ja giyabos da ƙarfin kusoshi ya haɗu da inji, famfo zai fashe tun kafin a murza makulli. Kuma in za a kawo motar gareji, a ɗora ta a kan babbar mota. Jan ta da igiya tayoyin tuƙi na ƙasa inji a kashe yana juya kayan ciki ne famfo ba ya ba su mai.

Bayan tafiyar farko, inji na zafi, sake zaro sandar awo, ka ɗiga a farar takarda, ka rubuta kwanan wata da kilomita a jikinta ka ajiye. Da ita za ka gwada wadda za ka ɗiga bayan wata uku.