Tauraro ɗaya na ba dillalin da ya sayar mana da gida

Wallahi na daɗe ina juya abin nan a raina kafin na rubuta. Gida muka saya a jihar Kalifoniya ta Amurka ta hannun wani dillali, ba zan kama suna ba, shi ke tsaya wa mai gidan kuma shi ke tsaya mana, doka ta yarda da haka in an sa hannu, mu kuwa muka sa don bakinsa zuma ne. Ka kira shi goma na dare zai ɗaga, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ruwan farko da ya sauka bangon ɗakin yara ya kumbura, na sa farce na ɓare fentin sai ga fumfuna baƙi ƙirin har ƙasa, wari kamar jiƙaƙƙen tsumma. Autata asma gare ta, sau biyu muna kwasarta sai asibiti cikin dare, uwarta har yau ba ta barcin kirki, da ta ji tari ta miƙe zumbur. Daga baya maƙwabcinmu ya ce da idonsa ya ga dillalin tsaye ana shafa fentin.

Na je wajen wata lauya na ce ni kuɗin gyara bai dame ni ba, ƙarar tashin hankalin da aka jefa mu nake so. Ta ce tun hukuncin da kotu ta yanke a wata shari'ar sayar da gida mai suna Easton a 1984 wajibi ne dillali ya duba gida da idonsa ya faɗi aibin da ya gani, kuma wa'adin ƙara kan wannan shekara 2 ne kacal. Amma diyyar damuwa da wuya, a 1999 kotun ƙolin jihar ta hana wasu ma'aurata irinta duk da magini ya yi musu gida mai yoyo, don sakaci ne. Sai in mun tabbatar da gangan dillalin ya ɓoye aibin. Abin ya min ciwo sosai.

Ga shi dillalin ɗan ƙungiyar dillalan Amurka ne, masu ƙa'idar aiki tun 1913 wadda ta hana ɓoye aibu ƙarara. Da ya buɗe baki ya faɗa, ƙila ma mu saya a rage kuɗi mu gyara kafin mu shiga da yara.

Na kai ƙorafi hukumar da ke ba su lasin, maƙwabcin ya yarda zai yi shaida, hotunan bangon da takardun asibiti kuma suna hannun lauya.